Waƙar Dala 30 da Ta Rikita Jadawalin Amurka

A ƙarshen 2018, wani saurayi ɗan shekara 19 a birnin Atlanta, Montero Hill, wanda duniya ta sani da Lil Nas X, ya sayi kiɗa a intanet kan dala 30 kacal. Mai sayarwar, YoungKio, matashi ne daga Holan, shi ma kuma ba daga kansa ya ƙago amon ba, yankowa ya yi daga wani kiɗan ƙungiyar Nine Inch Nails na 2008. A kan wannan faci-faci aka ɗora "Old Town Road", waƙar da ba ta cika minti biyu ba, mai zancen doki da hular makiyaya, ga kuma ganga mai dukan ƙirji irin ta gambarar zamani.

Matasa suka ɗauke ta a TikTok: mutum na tsaye da kayan gida, ganga na faɗuwa sai ga shi cikin malafa da takalmin sukuwa. Kafin a ankara ta hau mataki na 19 a jadawalin kiɗan ƙauye na mujallar Billboard. A watan Maris na 2019 mujallar ta tsige ta daga can, wai ba ta da isassun siffofin kiɗan ƙauye.

Korar ta zama gobarar Titi. Billy Ray Cyrus, tsohon hannu a kiɗan ƙauye, ya sa muryarsa a sabon zubin waƙar a watan Afrilu, ta kuwa zauna daram a saman babban jadawalin Hot 100 har mako 19, ta shafe tarihin mako 16 da "One Sweet Day" da "Despacito" suka kafa.

Hujjar Billboard ba ta da ƙarfi idan aka waiwayi asali. Banjo, wanda ake ɗauka tamkar tambarin kiɗan ƙauye, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka fara haɗa shi da ƙwarya da fata, duk wanda ya san gurmi zai ga dangantakar. Kamfanonin faifai ne, a shekarun 1920, suka raba kasuwa gida biyu: faifan baƙaƙe daban, na turawan karkara daban, alhali makaɗan suna koyo daga juna. Lesley Riddle, baƙar fata, shi ya riƙa raka mawaƙin ƙauye A.P. Carter yawon tattara waƙoƙi a tsaunukan Appalachia, yana haddace karin sauti, Carter na rubuta baituka. DeFord Bailey kuwa, shi ma baƙar fata, yana cikin taurarin farko na shirin rediyon Grand Ole Opry a Nashville. Katangar dai ta 'yan kasuwa ce, kuma mawaƙan ƙauye farare irin su Florida Georgia Line sun daɗe suna aron salon gambara ba wanda ya ce musu kanzil.

Shekara 5 bayan rigimar, labari ya sha bamban. A 2024 Beyoncé ta zama mace baƙar fata ta farko da ta hau saman jadawalin kiɗan ƙauye da "Texas Hold 'Em", Rhiannon Giddens na kaɗa mata banjo. Sai ga Shaboozey, haifaffen jihar Virginia da iyayensa 'yan Najeriya ne, ya ɗauko tsohuwar waƙar gambara ta J-Kwon ta 2004, ya sa mata jita da tafi, ya mai da ita kukan ma'aikacin da albashi bai isarsa. "A Bar Song (Tipsy)" ta yi mako 19 a saman Hot 100, daidai da ta Lil Nas X, a wannan karon kuma gidajen rediyon kiɗan ƙauye da kansu suka yi ta sa ta har ta kai ta ɗaya a jadawalinsu.