Kwaikwayon Baki a Fina-finan Hausa, Yadda Ake Jinsa a Ƙasar Yauri

A wasan kwaikwayon Hausa akwai tsohuwar dabarar ba da dariya wadda ta girmi Kannywood: a sa ɗan wasa ya karya harshe, ya yi magana irin ta wanda ba da Hausa aka yaye shi ba. Da ya buɗe baki an fara ƙyalƙyalewa, tun bai kai ga abin dariyar ba. Marigayi Usman Baba Pategi ya yi shekaru yana Hausar bariki a shirin Samanja na talabijin ɗin Kaduna. A zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disambar 2014, aka san Ɗan Gwari da Baban Chinedu, ɗaya da bakin Gwarawa, ɗaya da na Ibo. Yau dabarar ta koma gajerun bidiyoyin TikTok da YouTube.

Tushenta ba mugu ba ne. Daga wasan taubasai ta tsiro, irin na Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi. Sai dai wannan wasa yana da ƙa'idar da ke riƙe da shi, wato ramuwa. Ka tsokani taubashinka a kasuwa, nan take zai mayar maka da wadda ta fi taka zafi, jama'a su yi muku dariya ku biyu, ran cika-ciki kuma a yi ta gardamar wa zai ba wa kuɗin shara. A gaban akwatin talabijin babu wannan. Mai kallo yana zaune, ana kwaikwayon bakin kakarsa, ba shi da ta cewa.

Shi ya sa nake raba Samanja da yawancin waɗanda suka biyo baya. Pategi Banufe ne, kuma ya yi soja da gaske. Hausar da yake yi ta gidan da ya zauna ce, sannan shi ne maigidan shirin, shi ke ba da oda, shi ke yanke hukunci. Tare da shi ake dariya. A fina-finan da suka biyo baya kuwa, mai karyayyen harshe yakan zo ne a maigadi ko ɗan aike ko baƙauyen da aka damfara a tasha, ya ba da dariyar minti uku ya ɓace, a koma kan Alhaji da 'yarsa a falo. Ko Hausar yamma, ta Sakkwato da Kabi, ba ta tsira ba, alhali da ita gidan talabijin na Sakkwato ya yi Idon Matambayi, sarki da talaka duk da ita suke magana.

A ƙasar Yauri wannan ba ƙaramar magana ba ce. Nan akwai Gungawa, masu kiran kansu Reshe, akwai Kambari a yankin Ngaski, akwai Shangawa da Lopawa da Dukawa, ga Sarkawa masunta, duka da Hausa suke haɗuwa a kasuwa. Wani dare a Yelwa na zauna a teburin mai shayi, samari sun yi cincirindo a kan waya ɗaya suna kallon wani ɗan barkwanci yana kwaikwayon tsohon da ke juya namiji mace, mace namiji a magana. Aka yi ta shewa. Sai wani ya dafa kafaɗar abokinsa ya ce, "Wallahi kamar babanka!" Yaron ya yi dariya tare da su, amma ya sunkuyar da kai yana juya cokali a kofi, bai ƙara cewa uffan ba har aka watse. Na daɗe ina tunanin ko da wane harshe zai amsa wa mahaifinsa in ya koma gida. Mafi yawan Shangawa sun riga sun koma Hausa, harshensu ya rage a bakin 'yan garuruwa kaɗan. Ba fim ne ya jawo haka ba, amma yana ƙara wa yaro kunyar abin da ya kamata ya riƙe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labaran da ake bari a ƙasa. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibiran da Gungawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna noman albasa da kamun kifi a kansu, aka tayar da dubban mutane zuwa sababbin ƙauyuka. Wutar da ke kunna talabijin a birane, wani kasonta daga wannan ruwa take fitowa. Tsohuwar da ta bar kabarin mijinta a ƙarƙashin tafki ta isa ta riƙe shiri mai dogon zango. Amma ƙasar nan takan hau allo ne ran baƙin labari, kamar nitsewar jirgin ruwa kusa da Wara a Mayun 2021, da sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a watan da ya biyo. Sai kuma ran bikin Rigata, a nuna tseren kwale-kwale na 'yan mintuna a wuce.

Dole a yaba wa Daɗin Kowa na tashar Arewa24, domin ya zaunar da Musulmi da Kirista, Bahaushe da wanda ba Bahaushe ba, a unguwa ɗaya, kowa da damuwarsa ta gaske. Ya nuna cewa masu kallo ba sa gudun irin wannan.

Ba na kiran a hana barkwanci. Ina roƙon marubutan Kano da Kaduna da Jos su mayar wa wasan nan ƙa'idarsa, su bar wanda aka tsokana ya rama, wani lokaci ma su ba shi jarumtar labarin. Ku kuma samarin Yelwa da Wara da Shanga, wayar da kuke kallon wasu da ita tana ɗaukar hoto. Dattawan da suka ga tashin 1968 da idonsu suna nan da rai, amma sun tsufa. Ku je ku zauna da su, ku ɗauki labarin da harshensu, ku rubuta Hausar a ƙasan allo.