Ɗan Wa Aka Zana? Yarinta a Idon Masu Zanen Turai

A ƙarshen ƙarni na 18, masu zane a Turai suka fara kallon yaro da sabon ido. Littafin Emile na Rousseau, wanda ya fito a 1762, ya koyar cewa ana haifar yaro da kyakkyawar ɗabi'a, zaman jama'a ne ke ɓata shi. Wannan tunani ya ratsa zamanin da ake kira Romantik.

Mu duba zanen Joshua Reynolds na Ingila, The Age of Innocence, wato shekarun farar zuciya. Yarinya ce zaune a ƙasa cikin farar riga, ba takalmi, hannuwanta a ƙirji. Ba Reynolds ne ya raɗa wa zanen wannan suna ba, sai bayan rasuwarsa a 1792 aka laƙaba masa. Manya ne suka ga a fuskar yarinyar abin da suke kewa.

Philipp Otto Runge na Jamus ya fi shi gaskiya. A zanensa na 'ya'yan Hülsenbeck, tsakanin 1805 da 1806, ya sauke idonmu daidai tsayin yaran. Biyu na jan ƙaninsu a ƙaramin keke, namijin ya ɗaga bulala. Yara ne masu ƙarfi da ƙiriniya.

Sai dai duk 'ya'yan masu hali ne, domin zane kuɗi ne. A daidai lokacin, yaran talakawa a Landan suna kutsawa cikin bututun hayaƙi suna share baƙin toka. Dokar 1788 ta ce sai yaro ya kai shekara 8 kafin a sa shi aikin, ba ta hana aikin ba. Sai a 1833 aka haramta ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 9 a yawancin masaƙu.

Shi ya sa muke fifita William Blake. A Songs of Innocence na 1789, littafin da ya rubuta kuma ya zana da hannunsa, ya ba yaro mai share bututun hayaƙi baki ya yi magana. Farar zuciyar yaron ce ke tona asirin manyan da suka sayar da shi.

Ba ma raina kyawun zanen Reynolds. Tunanin da ya haife shi ya taimaka aka fara jin kunyar bautar da yara. Amma duk wanda zai zana yaro, ko ya rubuta shi a labari, ya fara tambayar kansa ɗan wa ya zaɓa, ɗan wa kuma ya bari a waje.