Macijin masara: a tambayi asali kafin a yaba launi

A dazukan kudu maso gabashin Amurka, macijin masara, wanda ba shi da dafi, jikinsa ruwan lemo ne mai jajayen zane da baƙin gefe. A hannun masu kiwo kuwa yanzu har da fari, da ruwan toka, da mai ɗigo-ɗigo, kai ka ce ba tsatso ɗaya ba ne.

Wani likitan fata a jihar Jojiya, Dokta Bernard Bechtel, shi ya buɗe ƙofar wannan kiwo, lokacin da zabiyoyin farko suka ƙyanƙyashe a hannunsa a 1961. Ba ni da ja da wannan sana'a, domin akwai ilimi da haƙuri a cikinta. In aka haɗa wanda ba shi da baƙi da wanda ba shi da ja, 'ya'yansu duk za su fito da launin daji. Sai a jikoki ake sa ran ɗaya cikin 16 ya zo kusan fari, irin wanda masu kiwo ke kira snow. Aikin shekaru ne, tunda mace kan kai shekara uku kafin a sa ta haihuwa.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake raɗa wa maciji suna daga kallon hoto kawai. Launin jinjiri yana sauyawa in ya girma, kuma ido ba ya ganin abin da ke ɓoye a jini. Akwai wata cutar gado da ta fara bayyana a dangin da ake kira Sunkissed: maciji ya riƙa wulƙita kai sama, yana birkicewa, ya kasa tafiya daidai. Uwa da uba na iya zama lafiya ƙalau suna ɗauke da ita, amma in an haɗa su, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai fito da larurar. Dabba ce mai rai, wadda kan haura shekara 15 a hannun mutum, ba atamfa ba ce da za a ce zane ya ɓaci a sake bugawa.

Ga kuma ruwa-biyu irin su creamsicle, masu jinin wani macijin dabam, da wasu ke shigarwa cikin iri ba tare da sun faɗa ba.

A ganina, duk mai kiwon da bai rubuta iyaye da kakannin macijinsa ba, to ya faɗa wa mai saye gaskiya cewa na ajiyewa a gida ne kawai, kada a fitar da iri daga gare shi.