Ta'aziyya Daga Littafi Mai Ɗaci

A Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru, inda Fulatanci da Faransanci suka fi ƙarfi, littafin Hausa ba ya samuwa da sauƙi. Wanda yake da guda ɗaya yakan adana shi tare da littafin waƙoƙinsa, ya koma gare shi sa'ad da zuciya ta gaji. Cikin irin waɗannan littattafai akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida, Kirista mutumin Wusasa kusa da Zariya, ya rubuta tare da Rupert East, wanda ya shirya gasar rubutun Hausa ta 1933.

Labarin na zamanin dā ne. Abubakar yana ƙaunar Zainab, amma attajiri Malam Shaihu ya raba su, ya aure ta. Abubakar ya bar gida, ya sha wuya wajen neman asirin ramuwa. Asirin kuwa ya sauka a kan Kyauta, ɗan da Zainab ta haifa. Yaron ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa cikin rashin sani.

To, ina ta'aziyya a nan? A karatu na fari mutum yakan goyi bayan Abubakar, gama an cuce shi. A karatu na biyu ya riga ya san ƙarshen, ba ya gaggawa. Sai ya lura da abin da ya tsallake: ramuwar ba ta mayar wa Abubakar da Zainab ba, ta cinye ƙuruciyarsa kawai. Wanda aka taɓa ƙwace wa abin da yake so zai rufe littafin da godiya, da shi ke bai bi wannan hanya ba.

Littafin yana da nasa rauni. Ba a ba Zainab bakin magana sosai ba, alhali ita ce ta fi kowa hasara. Ga kuma Kyauta, wanda ya ɗauki alhakin da ba nasa ba. A nan mai bi zai tuna da Ezekiyel sura 18, inda aka koya mana cewa kowa zai amsa laifin kansa ne.

Duk da haka, 'yan'uwa, littafin ya isa a sake karantawa. Abin da Manzo Bulus ya gargaɗe mu a kai cikin Romawa sura 12, wato mu bar wa Ubangiji sakayya, Tafida ya nuna mana shi a jikin mutane masu suna da gida, cikin Hausa mai sauƙi wadda yaro ma zai fahimta.