Tsohuwar Rawuta ba ta Mutu ba

A Gidan Kwano, inda babban harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya ta Minna take, ɗalibin da ke son sanin cikin intanet yakan fara da abin da aljihunsa zai iya: rawuta ta hannu, irin TP-Link TL-WR841N. Ma'ajiyarta megabait 4 ce kacal, ƙwaƙwalwar aikinta 32. Hoto guda a wayar zamani kan kai nauyin wannan ma'ajiya.

A cikin wannan ɗan gurbi ne opkg ya yi suna. Shi ne ya daɗe yana sauke manhajoji da cire su a OpenWrt, tsarin da aka fara a 2004 kan rawutar Linksys WRT54G. Jikan ipkg ne, kuma tsimi ne gadonsa. Jerin manhajojin da ya sauko da shi ma a ƙwaƙwalwar aiki yake ajiyewa, don kada ya cinye ma'ajiya. Shi ya sa da zarar an ɗauke wuta, jerin ya tafi, sai yaro ya sake buga opkg update, ya sake ƙona data. Duk wanda ya kwana a ɗakin haya a unguwar Bosso ta Minna ya san sau nawa hakan ke faruwa a dare ɗaya.

A Nuwamban 2024 OpenWrt ya bar opkg ya koma ga apk, mai sauke manhajoji na Alpine Linux, a sigoginsa na gwaji. Canjin ya dace, domin opkg ɗin da masu OpenWrt suke riƙe da shi ya daɗe ba mai kula da shi sosai, apk kuwa yana da masu reno.

Damuwar tana wani wuri. Sigar OpenWrt ta 19.07 ce ta ƙarshe da ta ɗauki na'urori masu megabait 4 da 32, yanzu kuma shawarar da ake bayarwa ita ce 16 da 128. Ga wanda ke Turai, sai ya sayi sabuwa. A Minna kuwa, abin da aka yar a can shi ne ke kan teburin mai gyara, kuma tsohuwar siga ba ta samun facin tsaro.

Don haka ya kamata malaman injiniyan sadarwa su koya wa ɗalibai Image Builder, wanda ke ba mutum dama ya haɗa tsarin da kansa, ya zubar da LuCI, shafin sarrafa rawutar, da duk abin da ba ya buƙata. Rawuta mai megabait 8 da aka yi wa irin wannan aski tana iya raba intanet a shagon buga takardu ba tare da gardama ba.