Kowa Tasa Ta Fisshe Shi a Fagen Harbi

Duk wanda ya taɓa shiga Free Fire ko PUBG Mobile shi kaɗai, na'ura ta haɗa shi da baƙi uku, ya san yadda ake ƙarewa. Tun daga jirgi ake watsewa, wannan ya dira gabas, wancan yamma. An harbe ka kana rarrafe, abokin tafiyarka na nan taku goma tsakaninku, amma ya duƙufa kan kayan wanda aka kashe yana zaɓen bindiga. Kafin ya waiwayo jininka ya ƙare. In ya buɗe makirfo kuwa, ko dai zagi ka ji, ko kiɗan da ke tashi a ɗakinsu.

Tsofaffin hannu sukan ce 'yan wasan yanzu ne ba su da tarbiyya. Ni ban yarda ba. Ɗan wasan shekara ashirin da suka wuce bai fi na yau kirki ba. Wasan da aka gina masa ne ya hana shi cin moriya shi kaɗai.

A duba Battlefield 2, wanda kamfanin DICE na Suwidin ya fitar a 2005. Mutum 64 ne a fage, kowane ɓangare ya kasu ƙananan runduna na mutum shida, kowace da shugabanta, sannan ga kwamanda guda yana kallon taswira daga sama, yana jefo kayan agaji, yana aiko ruwan igwa. Ba ka da hanyar magana da kwamanda sai ta bakin shugabanka. In ka mutu, kana iya sake tashi a gefen shugaban nan, don haka ransa ya fi naka daraja, kuma kowa ya san da haka. Likita na samun maki in ya tashi wanda ya faɗi, mai harsashi na samu in ya raba. Mutum na iya gama zagaye a saman jadawali bai kashe kowa ba sosai.

Ga kuma wurin haɗuwa. A lokacin, jama'a ne ke riƙe da sabar, wato ɗakin wasa na dindindin mai suna da dokoki da mai tsawatarwa. Kamar majalisar ƙofar gida take: fuskokin jiya su ne na yau, an san wanda ke tsayawa wa mutane, an san mai gudu ya bar su, kuma mai baƙin hali korar shi ake yi. Wanda ya san gobe ma zai dawo wurin nan dole ya kiyaye sunansa. A 2009 Call of Duty: Modern Warfare 2 ya fito a kwamfuta ba tare da irin waɗannan ɗakuna ba, sai dai na'ura ta zaɓo maka abokan wasa. An yi ta ƙorafi, wasan ya sayu kamar me, sauran kamfanoni suka ga hanya. Yau minti goma kuke yi da mutum, ku rabu har abada. Kunyar wa zai ji?

Modern Warfare 2 ɗin dai shi ya fito da abin fili ta wata fuskar. Tun 2007 jerin Call of Duty ke ba da tukwici ga wanda ya kashe mutane a jere bai mutu ba: uku a ba ka jirgin leƙen asiri, bakwai a ba ka helikwafta. A na 2009 aka kai abin ƙarshe, wanda ya kashe 25 a jere sai ya saki nukiliya, wasa ya ƙare nan take, ko da ɓangarensa ne ke baya a maki. To don Allah wa zai fita kare tuta ya jefa kansa cikin wuta, alhali laɓewa a lungu ta fi riba? Daga baya aka ƙaro ayyukan kullum da ake cikawa don samun kaya da ado. Abokinka da ka ga yana abin da ba kai ba gindi, wataƙila an ce masa ne ya kashe mutum kaza da ƙaramar bindiga kafin dare. Aikinsa yake yi, ba naku ba.

Murya ma ta ƙaura. Xbox 360 ya kawo hirar abokai ta keɓe a 2008, manhajar hira ta Discord ta zo a 2015, kowa ya shige ɗaki da mutanensa ya ja ƙofa. A nan kam ba na ganin laifin kowa. Mace da ta yi magana a fili, ko wanda harshensa ya nuna daga inda ya fito, sun san abin da suke ji. Shirun ya fi musu. Apex Legends ya kawo dabara mai kyau a 2019, ka danna maɓalli ka nuna maƙiyi ko makami ba sai ka buɗe baki ba. Yana aiki, amma nuni ba ya ƙulla shawara, balle sabo.

Za a ce ai haɗin kai bai mutu ba, a kalli ƙwararrun Counter-Strike ko Valorant. Gaskiya ne, tsarin da suke yi ya wuce duk abin da aka gani a da. Haka samari huɗu da suka zauna a shago ɗaya kowa da wayarsa, suna yi wa juna ihu, su ma ba a gaya musu haɗin kai. Amma waɗannan da saninsu suka shigo. Abin da ya ɓace shi ne wasa ya ɗauki baƙi ya mai da su runduna.

Kamfanonin ma sun san sun wuce gona da iri. Battlefield 2042 ya fito a 2021 babu hanyar magana da murya, an kuma rushe rabon aiki na likita da injiniya da sauransu, aka kawo jarumai kowa da nasa kayan aiki. Masu wasa suka juya baya, sai ga murya an dawo da ita a 2022, rabon aiki a 2023. Wasanni irin su Squad da Hell Let Loose, masu mutum 50 a kowane ɓangare, har yau suna tilasta wa mutum sauraron shugaba, kuma suna da jama'arsu. Sai dai suna son na'ura mai tsada, da intanet da ba ya yankewa, da sa'a guda cur a zaune, abubuwan da yawancin masu wasa a waya a Kano ko Maraɗi ba su da su.