Tulu ko Rijiya: Sharhi kan Yadda Sabon Marubuci ke Tallata Shiri Mai Dogon Zango

Tun daga lokacin da tashar Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye a shekarar 2014, sannan fina-finai masu dogon zango suka mamaye YouTube daga 2020, kasuwar wasan kwaikwayon Hausa ta sauya fuska. Furodusan da a da yake neman labarin da zai cika faifai biyu, yanzu abin da yake nema shi ne shirin da zai riƙe masu kallo mako bayan mako. Wannan sauyi ya buɗe ƙofa ga sababbin marubuta, musamman waɗanda suka goge a rubutun littattafan intanet. Sai dai da yawansu kan je gaban furodusa su dawo da takardunsu a hannu, su ɗora laifin a kan rashin uwa a gindin murhu. Wannan maƙala ba ta musun cewa sanayya tana tasiri a masana'antar. Abin da take son nunawa shi ne, akwai wani cikas da ya fi wannan girma, kuma yana cikin hajar da marubucin ya ɗauko: yakan zo da tulu, alhali rijiya ake nema.

Abin nufi da tulu shi ne labarin da ke da farko da tsakiya da ƙarshe, wanda ruwansa ke raguwa da kowace fitowa. Yarinya tana son talaka, iyaye sun fi son mai kuɗi, an sha wahala, an yi aure. Komai daɗinsa, ranar da aka ɗaura auren nan tulu ya ƙare. Rijiya kuwa wuri ne ko yanayi da ke haifar da rikici da kansa, a ɗebo yau, gobe a tarar ya sake tsattsafowa. Tarihin wasan kwaikwayon talabijin a ƙasar Hausa ya nuna cewa shirye-shiryen da suka daɗe a zukatan jama'a rijiyoyi ne. Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya kafu ne a kan bariki: muddin akwai kurtu da samanja da hafsa da matan bariki, ba za a rasa abin da zai haɗa su faɗa ba. Kuliya Manta Sabo ya kafu a kan kotu, inda kowace ƙara sabon labari ce, alƙali kuwa yana nan daram.

Shirye-shiryen wannan zamani ma a kan wannan turba suka yi nasara. Taurarin Daɗin Kowa ba Kamaye da Adama ne kaɗai ba. Babban tauraron shi ne garin kansa, inda malamin tsangaya da ɗan kasuwa da baƙo daga wata ƙabila suke zaune a unguwa ɗaya. Duk wanda ya sauka a tashar garin ya zo da nasa labarin. Kwana Casa'in ya ƙirƙiri jihar Alfawa, ya ɗora jigonsa a kan kujerar gwamna, abin da ba a taɓa daina kokawa a kansa. Gidan Badamasi ya fi su sauƙin bayani: tsohon attajiri marowaci, 'ya'ya barkatai daga mata daban-daban, kowa idonsa a kan dukiya. A cikin wannan jimla guda an ga gida, an ga masu gidan, an ga abin da suke so, an kuma ga dalilin da ya sa ba za su samu cikin sauƙi ba. Marubucin da ya iya taƙaita shirinsa haka ya riga ya yi rabin ciniki.

Mai karatu zai iya kawo hanzari da Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020 da labarin mutum ɗaya, wato Sumayya, ya kuma samu karɓuwa ƙwarai. Wannan gaskiya ne, amma abin da ya biyo baya ya ƙara tabbatar da hujjar. Da yake nauyin shirin ya rataya a wuyan tauraruwa guda, ficewar Nafisa Abdullahi ta tilasta a sauya fuskar Sumayya, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce tsakanin masu kallo. Daga baya kuma, da labarin Sumayya ya zo ƙarshe, sai aka riƙe sunan shirin aka zuba sabon labari da sababbin taurari. Wato an ci gaba da amfani da tulun, amma sai da aka je wani wuri aka ɗebo ruwa. Gogaggen darakta mai jari da suna zai iya ɗaukar wannan kasada. Sabon marubuci ba shi da wannan gata, domin furodusan da bai san shi ba ba zai zuba kuɗinsa a kan alkawari ba.

Daga nan ne za a fahimci inda yawancin masu tallar labari ke tuntuɓe. Marubucin littafi ya saba da warwarar jigo dalla-dalla, don haka idan aka ce ya faɗi shirinsa sai ya faro daga haihuwar tauraruwa, ya bi ta makaranta, ya yi rabin awa bai kai ga rikicin ba. Furodusa kuwa tambayoyi uku ne a ransa. Me zai faru a kashi na ashirin? Gidaje nawa da 'yan wasa nawa zan biya? Me zai sa mai kallo ya dawo mako mai zuwa? Littafi ba ya jin nauyin kai tauraro Dubai a shafi ɗaya a dawo da shi Kano a shafi na gaba, amma a gaban kyamara kowace tafiya kuɗi ce. Saboda haka rijiya ta fi araha: gida ɗaya ko unguwa ɗaya za ta iya ɗaukar zango da dama. Akwai kuma tambaya ta huɗu da ba a tsallake ta a Kano, ita ce ta Hukumar Tace Fina-finai da aka kafa a 2001. A watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da shirye-shirye 22 saboda batun gabatar da su don tacewa kafin a haska. Marubucin da ya nuna cewa ya san wannan iyaka tun a takarda ya rage wa furodusa fargaba.

Takardar kanta tana da wani amfani da sababbin marubuta ke sakaci da shi. Al'adar masana'antar ta ginu a kan magana ta fatar baki, a ofis ko a wurin ɗaukar fim, kuma daga nan ne kukan satar fasaha yake yawan tasowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, kamar takwarorinta na sauran ƙasashe, ba ta kare tunani tsurarsa. Abin da take karewa shi ne aikin da aka zuba a wata siga tabbatacciya, kamar rubutu. Wanda ya ce yana da labarin kishiyoyi uku a gidan gado bai mallaki komai ba, domin kowa zai iya faɗin haka. Wanda ya rubuta taƙaitaccen bayanin shirin, da halayen kowane tauraro, da tsarin zangon farko, da cikakken kashi na ɗaya, shi ne yake da abin da zai nuna ya ce nawa ne. Aikin da ke gamsar da furodusa shi ne kuma ke tsare marubuci.

Ba za a wanke furodusoshi gaba ɗaya ba. Muddin ana ɗaukar marubuci a matsayin ɗan aike, ana biyansa kashi-kashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba, za a ci gaba da ganin shirye-shiryen da suka faro da ƙarfi suka koma jan rai, ana maimaita fitowa ɗaya da kalmomi daban. Mai kallo ya san lokacin da tulu ya ƙafe ana ta kwankwasa shi. Amma gyaran wannan ba a hannun sabon marubuci yake ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya zauna da shirinsa kafin ya fita da shi, ya cire auren ƙarshe ko mutuwar ƙarshe, ya duba abin da ya rage. Idan har yanzu akwai mutanen da dole su kwana a gida ɗaya alhali bukatunsu sun saɓa, to yana da abin kai wa kasuwa. Idan kuwa babu, abin da ya rubuta littafi ne ko fim guda, kuma zai fi masa daraja ya sayar da shi a matsayin haka.